Daga Bayan Firij Zuwa Hawa na 23: Nazarin Gobarar Benen Grenfell

Da ƙarfe 12:54 na daren Talata wayewar garin Laraba, 14 ga Yunin 2017, wani magidanci ya buga lambar gaggawa ta 999 daga hawa na huɗu na benen Grenfell da ke Kensington ta Arewa, a yammacin Landan. Ƙararrawar hayaƙi ce ta tashe shi daga barci. Da ya leƙa kicin sai ya ga hayaƙi na tashi daga wajen firij ɗinsa, kusa da taga. Ya kira 'yan kwana-kwana, ya bi ƙofofin maƙwabtansa na hawan yana bugawa, ya kashe babban makunnin lantarki na gidan, sannan ya fita. Duk abin da ake koya wa mai gida ya yi, mutumin nan ya yi shi, kuma kwamitin da gwamnati ta kafa don binciken gobarar ya wanke shi tas daga baya. Motocin farko sun iso cikin minti biyar. Duk da haka gobarar ta ci rayuka 72.

Wutar kicin irin wannan ba baƙuwa ba ce ga ma'aikatan kashe gobara, kullum suna kashe irinta a cikin ɗakin da ta tashi. Abin da ya kamata a bi diddigi shi ne hanyar da wannan ta bi, don kuwa shingaye da yawa ta tsallake kafin ta kai ga mutane, kuma kowane shinge akwai wanda alhakin kula da shi ke wuyansa.

An kammala ginin a 1974, mai hawa 24, tsayinsa kimanin mita 67, da gidaje 129 bayan gyaran da aka yi masa a 2015 zuwa 2016. Matakala ɗaya tak gare shi, a tsakiya, kuma babu bututun yayyafin ruwa mai buɗe kansa idan zafi ya taso. Kusan mutum 300 ne ke ciki a daren. An gina shi bisa tunanin cewa kowane gida akwati ne na kankare: in wuta ta tashi a ɗaya, bango da daɓe da ƙofa za su tsare ta har a zo a kashe.

Firij

Firij na cikin 'yan kayan lantarkin da ba a kashewa, dare da rana yana jan wuta, har lokacin da kowa ke barci. A ƙasansa ta baya akwai kwamfureso da ɗan akwatin wayoyin da ke tayar da shi. Kwamitin bincike ya tabbatar cewa matsalar lantarki a cikin firij ɗin ce mafarin gobarar, kuma ƙwararren da ya binciki ragowar wayoyin ya danganta ta da wani mahaɗi da ba a matse shi sosai ba. Mahaɗin da ya yi sako-sako yana wahalar da wutar da ke ratsa shi, wahalar nan kuwa zafi take zama, a hankali robar wayar ta ƙone ta koma gawayi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne fis ba ya tsinkewa a irin wannan hali, domin yawan wutar da ake ja bai haura ƙa'ida ba, wuri guda ne kawai ke gasuwa.

A cikin bangon kowane firij akwai soso mai riƙe sanyi, wanda in ya kama yana ci da sauri da baƙin hayaƙi. Shi ya sa hukumar kashe gobara ta Landan ta daɗe tana kiran a riƙa rufe bayan firij da ƙarfe maimakon roba. Mai saye ya zagaya ya duba bayan kafin ya biya. Wanda ya riga ya mallaka kuma ya ba shi soket nasa shi kaɗai a bango, ba a kan wayar ƙari mai ɗauke da kaya uku huɗu ba. A bar masa tazarar da takardar kamfani ta faɗa tsakaninsa da bango, a janyo shi sau biyu a shekara a share ƙurar baya, a duba ko ƙafarsa ta danne waya. Ƙaurin roba, filogi mai ɗumi a hannu, bakin soket da ya soma yin ruwan ƙasa, ko kwamfureso mai ta ƙwas-ƙwas yana kasa tashi, kowanne ya isa a zare filogi a kira mai gyara. Kada kuma a ajiye firij a kan hanyar da za a bi a fita.

Ƙararrawar hayaƙi ita kaɗai ce shingen da ya yi aikinsa daidai a farkon daren. Ana kafa ta a silin, aƙalla santimita 30 daga bango, a kowane hawa da kuma hanyar ɗakunan kwana. A kicin mai jin zafi ake sa wa, don tururin girki na sa mai jin hayaƙi kuka ba dalili har a gaji a cire mata batir. A danna maɓallin gwaji aƙalla sau ɗaya a wata, a sauya na'urar ɗungurungum bayan shekara goma.

Taga da rigar bango

Kafin ma'aikata su haɗa mesa da bututun ginin, su ɗaura tukwanen iska, su kutsa kicin ɗin da ƙarfe 1:14, wutar ta riga ta fice ta taga tun 1:09. Sun kashe ta ciki cikin 'yan mintuna, alhali ta waje tana hawa.

Gyaran 2016 ne ya buɗe mata hanya. An matsar da tagogi waje kaɗan, giɓin da ya rage tsakanin sabuwar taga da tsohon kankare aka cike shi da kayan da wuta ke ci, aka rufe da farar roba mai laushi da zarar ta ji zafi. Da robar ta lanƙwashe sai harshen wuta ya samu kafa zuwa cikin rigar da aka lulluɓe bangon ginin na waje da ita.

Rigar nan kashi uku ce. A jikin kankare akwai soso mai tare sanyi, kaurin santimita 10 zuwa 16. Sai fili na iska. Sai falle na waje, wanda a ido alminiyam ne, amma a zahiri ɓawo biyu ne na alminiyam masu kaurin rabin milimita kowanne, da robar foliyetilin mai milimita uku a tsakiya, dangin robar da ake yin leda da ita. Foliyetilin daga man fetur aka samo ta. Tana narkewa tun zafi bai wuce digiri 130 da wani abu ba, ta kama, ta riƙa ɗiga tana ci, yayin da alminiyam ɗin ke sakin jiki ya tone sabuwar roba. Filin da ke baya kuma ya zama bututun hayaƙi mai zuƙo iska daga ƙasa yana tura wuta sama. An sa shingaye a cikin filin, amma da yawa ba a kafa su daidai ba, kuma shinge ba ya da amfani idan fallen da ya jingina da shi ya narke. Ruwan da ake fesawa daga ƙasa bai iya kashe ta ba, tun da an ƙera fallen ne musamman don ya kore ruwan sama daga jikin gini.

Da ƙarfe 1:27 wutar ta kai ƙololuwa. Minti 18 ke nan daga hawa na huɗu. A saman akwai wani ado kamar rawani da aka yi da fallen nan, shi ya kai ta gefe da gefe, narkakkiyar roba kuma ta riƙa zubowa tana kunna hawan ƙasa. Wajen ƙarfe huɗu na asuba ta zagaye ginin. Tun farko fallen zinki aka tsara sawa, sauya shi da wannan ya rage wa aikin kimanin fam dubu 293.

Mai gida ɗaya ba shi da rigar bene, amma tambayar ɗaya ce a duk lokacin gyara: abin da za a manna a silin, ko a bango, ko a kewayen taga, yaya yake yi in ya haɗu da wuta? A nemi takardar gwajinsa a gani da ido, a kuma tabbatar gwajin na irin haɗin da za a yi ne. Rahoton ƙarshe na kwamitin bincike ya samu kamfanonin da suka ƙera kayan da rashin gaskiya wajen gwaji da talla, don haka maganar baki ta mai sayarwa ba hujja ba ce.

Ƙofa

Nan ne ya kamata mai karatu ya fi tsayawa, domin wannan shingen yana hannun kowa.

Gidajen da ke jere a saman gida mai lamba 16 inda wutar ta tashi, wato 26 da 36 da sauransu har sama, su wutar ta fara shiga ta tagogin kicin. Mutanen ciki suka fito a guje, kamar yadda kowa zai yi. Ƙofar kowane gida ya kamata ta mayar da kanta ta datse a bayansu, saboda ana sa mata na'urar da ke janyo ta. A gidaje da yawa na'urar ta lalace, a wasu an cire ta ba a mayar ba. Ƙofofi suka tsaya a buɗe, hayaƙi ya kwararo zauren da gidajen kowane hawa ke tarayya a kansa, daga nan ya shiga matakala duk sa'ad da aka buɗe ƙofarta. Na'urar zuƙe hayaƙi ta ginin kuwa an tsara ta ne don hawa ɗaya a lokaci guda. Wata bakwai kafin gobarar, a Nuwamban 2016, hukumar kashe gobara ta ba masu kula da ginin takardar gargaɗi da ta ambaci waɗannan na'urori na ƙofa. Daga baya kuma, da 'yan sanda suka gwada ɗaya daga cikin ƙofofin da aka ce za su jure wuta minti 30, kusan minti 15 ta yi.

Wanda bai taɓa shiga hayaƙin gobara ba yakan ɗauka kamar na itacen girki ne, a rufe hanci a wuce. Waɗanda suka tsira daga Grenfell sun ba da labarin baƙin duhun da mutum ba ya ganin tafin hannunsa, mai zafi, mai shaƙe maƙogwaro tun shaƙar farko. A cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, wadda jini ke kama ta fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Ba ta da wari. Tana fara rikita tunani, ƙafafu su yi nauyi, mutum ya zauna don ya huta, shi ke nan. Soso da robobi kuma suna ƙara gubar sayanaid. Binciken ya gano cewa waɗanda suka rasu a cikin ginin gubar hayaƙi ce ta kashe su ko ta gusar da hankalinsu kafin wuta ta iso. Wasu da suka buɗe ƙofa suka ga duhun matakala sai suka haura sama maimakon sauka, kuma a hawa na 23 aka fi asarar rayuka.

Gwajin ƙofa ba ya cin minti biyu. A buɗe ta rabi a saki, sannan a buɗe ta kamar faɗin tafin hannu a sake saki. Duka biyun dole ta koma da kanta har harshen makulli ya shiga raminsa ya yi ƙas. In ta tsaya a bakin firem ba ta shige ba, ba ta rufu ba. Tazarar da ke tsakanin ƙyaure da firem a sama da gefe kada ta kai milimita huɗu. A duba hinji uku, kowanne da kusoshinsa cif, da siririn zaren da ke kewaye da ƙyauren, wanda ke kumbura ya toshe kafa idan ya ji zafi. Fenti mai kauri ko yankewa na kashe shi. Babban abin da ke lalata irin wannan ƙofa shi ne gajiyar masu gida da ita. Tana da nauyi, tana bugawa da ƙarfi, tsoho da mai ɗauke da kaya na shan wahalarta, sai a sa mata dutse ko a kwance na'urar. Maganin shi ne a daidaita ta, akwai kusoshin rage gudu a jikin yawancinsu, ko a sauya da wadda ta fi sauƙin turawa.

Ko a gidan da babu ƙofar gobara ta musamman, ƙyauren katako na yau da kullum da aka rufe yana rage wa wuta iska, yana kuma tsare hayaƙi na 'yan mintuna, mintunan da ake buƙata a tashi yara a fita. A rufe ƙofar kicin da ta falo da na ɗakunan kwana kafin a kwanta. Makullin ƙofar fita ya kasance a wuri ɗaya da kowa ya sani, wanda hannu zai lalubo cikin duhu.

Umarnin zama a ciki

Ƙa'idar irin waɗannan benaye a Ingila ita ce in wutar ba a gidanka take ba, ka zauna ciki ka rufe ƙofa. Ƙa'ida ce mai ma'ana matuƙar akwatin kankaren nan na nan daram, don tana hana ɗaruruwan mutane cunkushe matakala ɗaya da ma'aikata ke hawa. A Grenfell akwatin ya fashe tun kafin 1:30, amma masu amsa waya suka ci gaba da cewa a zauna ana zuwa. Ba su ganin ginin, kira ya yi musu yawa, rediyon ma'aikata na yankewa a cikin kankare, har ta kai ana isar da lambobin gidaje a kan 'yan takardu. Sai 2:47 aka janye umarnin a hukumance. Rahoton farko na kwamitin binciken da Sir Martin Moore-Bick ya shugabanta, wanda ya fito ranar 30 ga Oktoban 2019, ya ce tsakanin 1:30 da 1:50 ya kamata a yanke shawarar kwashe mutane, lokacin da matakala ke biyuwa. Ya yaba da jarumtar ma'aikatan da suka yi ta hawa cikin hayaƙi, ya ɗora laifin a kan rashin horo da rashin shiri na hukumar. Ginin ma ba shi da ƙararrawa ta bai ɗaya da za a sanar da kowa a fita. Mutum na ƙarshe da aka fitar da rai ya fito da ƙarfe 8:07 na safe.

A ganinmu darasin mazauni a nan a fili yake. Umarnin zama yana da sharaɗi, kuma ya faɗi da zarar hayaƙi ko zafi ya fara shigowa inda kake. A gidan da ba a gina shi bisa wancan tsari ba kuwa, fita ake yi nan take. A taɓa ƙofa da bayan hannu kafin a buɗe. In da zafi, a bar ta. A sunkuya ƙasa inda iska ta fi tsabta, a dafa bango ko ƙarfen matakala, a rufe kowace ƙofa a baya, kada a shiga lifta, kada a koma ɗauko komai. In hanya ta toshe, a taru a ɗaki ɗaya mai taga, nesa da ɓangaren wutar, a toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tawul, a faɗa wa mai amsa waya hawa da lambar gida da adadin mutane da ainihin abin da ake gani, a sake kira in hali ya sauya. Tukunyar kashe wuta ta hannu daƙiƙa 10 zuwa 20 take yi ta ƙare, don haka ta wutar da ba ta wuce girman kwandon shara ba ce, kuma mai riƙe da ita ya sa ƙofa a bayansa. Kayan lantarki ba a watsa musu ruwa sai an yanke wutar.

Waɗanda ba sa iya sauka

Cikin mazauna 37 masu naƙasa ko raunin jiki, 15 sun rasu. Babu wani tsari da aka rubuta na yadda za a fitar da ko ɗaya daga cikinsu, kuma ma'aikatan da suka iso ba su da jerin sunayen gidajen da suke. Wannan aiki ne da maƙwabta za su iya yi ba tare da jiran kowa ba: a san wane ne ba ya iya taka matakala, wane ne ba ya jin ƙararrawa, wa ke kwana shi kaɗai, a raba wa kowannensu mutum biyu, a ajiye kwafin jerin inda ma'aikata za su same shi. Gobarar ta faɗo cikin watan Ramadan, kuma wasu mazauna da ba su kwanta ba suna jiran sahur suna cikin waɗanda suka fara bin ƙofofi suna tashin mutane. Kafin gari ya waye masallatai da coci-coci na unguwar sun buɗe wa waɗanda suka fito ba ko takalmi.

Gargaɗi kam an yi shi. A Yulin 2009 gobara ta kashe mutum shida a benen Lakanal da ke kudancin Landan. Talabijin ce ta haddasa ta, ta bi bangon waje, kuma an ce wa waɗanda suka rasu su zauna a ciki. A 2013 mai binciken musabbabin mutuwar ta shawarci gwamnati ta sake duba ƙa'idojin gini, aka yi ta jan ƙafa. Benaye masu irin wannan riga sun kama a Melbon a 2014 da Dubai a 2015. Ƙungiyar mazauna Grenfell da kanta ta rubuta a Nuwamban 2016 cewa sai wani babban bala'i ya auku kafin a saurare su, aka ɗauke su masu neman fitina. Duk hukumar da ke kula da gidajen jama'a ya kamata ta riƙe littafin koke mai kwanan wata, da sunan wanda aka ɗora wa gyara, da ranar da aka gama, mazauna kuma su riƙe nasu kwafin.

Rahoton ƙarshe ya fito ranar 4 ga Satumban 2024 da shawarwari 58, shugaban kwamitin kuma ya ce dukkan mace-macen abin da za a iya kauce wa ne. Tun Disamban 2018 Ingila ta haramta kayan da wuta ke ci a bangon waje na sababbin benayen zama da suka haura mita 18. A 2020 aka wajabta bututun yayyafin ruwa a sababbin benaye daga mita 11. Daga Janairun 2023 kuma doka ta tilasta wa masu kula da benayen da suka wuce mita 11 su duba ƙofofin gobara na zaure da matakala duk bayan wata uku, ƙofar shiga kowane gida kuma sau ɗaya a shekara, har da gwada ko tana rufe kanta.